Ƙugiyar Tarago: Ƙaramin Ƙarfe, Babbar Amana

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Idu ta Abuja da sassafe yana jiran jirgin Kaduna, ya san inda idon fasinja yake zuwa. Wani yana neman lambar kujerarsa, wani yana duban agogo, wani kuwa hankalinsa duk yana kan jakar tsarabar da ya ɗauko tun daga Ikko ko Fatakwal. Da wuya a sami mutum ɗaya da zai sunkuya ya dubi baƙin ƙarfen nan da ke tsakanin tarago da tarago, wanda giris da ƙura suka rufe. Alhali kuwa wannan ƙarfe, wato ƙugiyar da ke haɗa taragu, ita ce ke riƙe da jirgin baki ɗaya, tun daga Idu har Rigasa, tafiyar kilomita 186. Idan ta kama da kyau, ba wanda zai tuna da ita har a sauka. Idan kuwa ta saki, to, ranar nan kowa zai san sunanta.

Wannan magana ta shafi ɗan Arewa mazaunin Kudu fiye da yadda ake zato. Tun da aka haɗa Ikko da Kano da layin dogo a cikin shekarar 1912, reluwe ce ta kai kakannin mutane da yawa Agege da Sabon Badun da Inugu, da shanunsu da albasarsu, kuma ita ce ta riƙa komo da su gida da goro. Yau ma, mutumin da ya kwana a hanya daga Kudu ya iso Abuja, sau da yawa jirgi yake nema don ya ƙarasa Kaduna, saboda abin da kowa ya sani game da masu satar mutane a hanyar mota. Tun ranar 26 ga Yuli 2016 da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wannan layi wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, jirgin ya zama gadar da ke sada matafiyi da iyalinsa. Saboda haka lafiyar jirgin lafiyarsa ce.

YADDA TAKE AIKI

Ƙugiyar jiragen zamani kamar hannu biyu ne da suka sarƙe yatsu. Idan aka turo tarago a hankali ya taɓa ɗan'uwansa, sai bakin ƙugiyar wannan ya shiga na wancan, su rufe, sa'an nan wata sakata ta ƙarfe ta faɗa ciki ta kulle su. Muddin sakatar nan ta zauna daram, ba abin da zai raba su sai an ɗaga ta da gangan. Wani Ba'amurke mai suna Eli Janney ne ya yi rajistar wannan dabara a cikin 1873. Kafin nan, a Amurka, sai ma'aikaci ya shiga tsakanin taragu ya riƙe zoben ƙarfe da hannunsa yayin da ake turo tarago, ya zura ƙusa. Yatsun ma'aikata da rayukansu da suka salwanta ta wannan hanya suka sa majalisar ƙasar ta yi doka a cikin 1893, ta tilasta wa kamfanonin reluwe yin amfani da ƙugiya mai kama kanta da birkin iska.

Kusa da ƙugiyar akwai tiyon iska, wanda shi ma ake haɗa shi daga tarago zuwa tarago har ƙarshen jirgi. Hikimar da ke cikinsa, wadda George Westinghouse ya fito da ita a cikin 1872, ita ce: iskar da aka matsa a cikin tiyon ita ce ke hana birki kamawa. Idan jirgi ya rabu biyu, tiyon zai tsinke, iska ta fice, nan take birkin kowane tarago ya kama da kansa, na gaba da na baya. To, amma wannan hikima tana da sharaɗi. A bakin kowane tiyo akwai ɗan famfon da ke buɗe iska ko rufe ta. Idan wanda ya haɗa taragu ya manta bai buɗe famfo ɗaya ba, duk taragun da ke bayan wurin sun fita daga ikon direba, ko da ya taka birki ba za su ji ba. Jirgin zai tashi lafiya lau a gani, sai an zo gangare sa'an nan a gane.

Ƙugiya kan ba da matsala ta hanyoyi sanannu, kuma duk ma'aikacin reluwe ya san su. Akwai kamun ƙarya, inda bakunan suka rufe amma sakata ba ta faɗa har ƙasa ba, saboda tsatsa ko yashi ko busasshen giris. Irin wannan kan riƙe jirgi na wani lokaci, har sai an yi wata fizga mai ƙarfi. Akwai cinyewar ƙarfe saboda yawan aiki, wadda ke sa rata tsakanin ƙugiyoyi, taragu su riƙa bugun juna duk sa'ad da aka tashi ko aka tsaya. Akwai tsaga wadda ido ba ya gani sai an wanke an duba da na'ura. Akwai kuma rashin daidaiton tsayi, inda ƙugiyar wannan tarago ta fi ta wancan bisa, har ɗaya ta zame daga cikin ɗaya idan an hau wurin da dogo ya lotsa. Daɗin daɗawa, direban da ke fizgar jirgi ko taka birki da gaggawa yana rage wa ƙugiya kwana. Inda kuma aka sa kan jirgi gaba da baya, kamar yadda ake yi a layin Abuja, ƙugiyar da ke riƙe da kan baya ta fi kowace bukatar ido, domin nauyinsa ya ninka na tarago, idan ya saki ya sake cim ma taragun, mutanen da ke tarago na ƙarshe su ne za su sha dukan.

AIKIN MA'AIKATA

Ba wani asiri a cikin abin da ake yi don a kauce wa wannan. Bayan an haɗa tarago, mai haɗawa zai duba da idonsa ya tabbata sakata ta zauna. Direba zai ɗan ja jirgi kaɗan alhali birkin taragun na kame, don a ga ko ƙugiya ta riƙe. Sai a haɗa tiyo, a buɗe famfuna, a haɗa wayoyin lantarki. Daga nan mai duba taragu zai taka da ƙafarsa daga kan jirgi har wutsiya, direba ya kama birki ya saki, shi kuwa yana duba ko tarago na ƙarshe ya amsa. Sai an gama wannan kafin gadin jirgi ya ɗaga tuta. Aiki ne na 'yan mintoci, amma su ne mintocin da ake fara yankewa idan jirgi ya makara, fasinja na ta gunaguni, manya kuma na bugo waya suna tambayar abin da ya hana tashi.

Idan kuwa ƙaddara ta sa jirgi ya rabu a hanya, nan ma akwai ƙa'ida. Direba ya sanar da ofishin kula da zirga-zirga nan take don a tsai da duk jirgin da ke biye. Gadi ya ɗaure birkin hannu na taragun da suka rage a baya, ya sa musu waigi, domin birkin iska ba ya dawwama, iskar kan zurare a hankali. A kafa jar tuta ko jar fitila can nesa, gaba da baya. A duba waɗanda suka ji rauni. Sa'an nan a dubi ƙugiyar. In lafiyarta ƙalau, a sake haɗawa, a sake gwada birki tun daga farko, a tafi sannu sannu zuwa tasha mafi kusa. In ta karye ko ta tsage, taragon nan ya gama tafiya, sai a sauya wa fasinjansa wuri. Ɗaure ƙugiya da waya ko sarƙa don a rufa asiri a isa gari, ganganci ne da rayukan bayin Allah.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan aka raina waɗannan ƙa'idodi. A ranar 12 ga Yuni 1889, a kusa da garin Armagh na ƙasar Ailan, wani jirgi cike da 'yan makaranta masu zuwa yawon shan iska ya kasa hawa tudu. Ma'aikata suka yanke shawarar raba shi biyu, su kai rabi su dawo su ɗauki rabi. Suka kwance ƙugiya, suka tokare taragun baya da duwatsu. Da kan jirgi ya motsa sai ya ɗan komo baya ya taɓa su, duwatsun suka murƙushe, taragun suka gangara suka yi karo da jirgin da ke biye. Mutum 80 suka rasu, da yawansu yara. A cikin wannan shekara Majalisar Ingila ta wajabta birkin da ke kama kansa a kan duk jirgin fasinja.

Ba sai an je Turai ba. A maƙwabciya Kamaru, ranar 21 ga Oktoba 2016, hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala ta yanke, jama'a suka yi ca a tashar jirgi. Sai aka ƙara taragu takwas a kan waɗanda aka saba. Jirgin ya kife a Eseka, mutum 79 suka rasa rayukansu bisa ƙidayar gwamnati. Binciken da aka yi ya ɗora laifin a kan kamfanin Camrail, ya ambaci gudu fiye da kima, da lodi, da taragun da birkinsu ba shi da lafiya, har da ƙin sauraron direban da ya nuna damuwarsa tun kafin a tashi. Wannan na ƙarshe shi ne abin lura. Mutumin da ya fi kowa sanin jirgin ya yi magana, ba a ji shi ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shi kansa mai haɗa taragu yana cikin haɗari kullum. A watan Nuwamba 2024, a tashar Barauni ta Indiya, wani ma'aikaci ya shiga tsakanin kan jirgi da tarago yana kwancewa, kan jirgin ya komo baya ya matse shi, ya mutu nan take, saboda rashin fahimtar juna tsakanin masu ba da alama. Indiyan nan kuwa ita ce ƙasar da aka ɗauko ƙwararrunta na kamfanin RITES suka riƙe reluwen Nijeriya daga 1979 zuwa 1982. Idan haka ta faru a gidan malami, ɗalibi ba shi da dalilin sakin jiki.

HALIN DA LAYIN ABUJA KE CIKI

Layin Abuja zuwa Kaduna ya ga jarrabawa iri iri. A watan Nuwamba 2020 kan jirgi ya lalace a daji, fasinja suka yi sa'o'i suna jira, har ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya fito ya nemi gafara. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan ta'adda suka dasa bam a dogo kusa da Katari, suka kashe mutane, suka tafi da wasu da dama, jirgin bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba na wannan shekara. A watan Janairu 2023 jirgi ya sauka daga kan dogo a Kubwa. A cikin 2024 an sake samun irin wannan a yankin Jere da Asham. Sa'an nan ranar 26 ga Agusta 2025, jirgin da ya taso daga Idu ɗauke da mutum 618 ya kauce a Asham, taragu suka kife, mutum sama da 20 suka ji rauni. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Gaskiya ne haɗarin Asham ya auku ne a wurin canjin layi, ba ƙugiya ce ta jawo shi ba. Amma abin da Hukumar Binciken Haɗurra ta Ƙasa, wato NSIB, ta faɗa a rahotonta na farko ya isa ya hana duk mai tunani barci. Ta ce akwai kayan dogo da suka lalace a haɗarin baya waɗanda aka yi wa faci maimakon a sauya su. Ta ce ma'aikata sun sami horon farko, amma ba a mai da su makaranta don sabunta ilmi ba. Ta ce kayan gyara na asali ba su samuwa a lokacin da ake bukatarsu. To, ma'aikacin da ba a sabunta masa horo a kan canjin layi ba, wa ya sabunta masa a kan ƙugiya? Ɗakin ajiyar da ba shi da kayan dogo, yana da sakata da tiyo? Sakaci ba ya zaɓen inda zai zauna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shugaban Hukumar Jiragen Ƙasa, Dakta Kayode Opeifa, wanda ya kama aiki a farkon 2025, ya fito fili bayan haɗarin Asham ya ce ya ɗauki alhaki. Wannan abin yabo ne, domin ba a saba jin haka daga bakin manyan ma'aikata ba. Amma ɗaukar alhaki da baki mafari ne kawai. Kuma a tuna, a wannan layi tsayuwar jirgi a daji ba ɓata lokaci kaɗai ba ne. Wanda ya tuna Katari ya san abin da ke zuciyar mace mai goyo idan jirgi ya tsaya tsakanin Jere da Rijana, rana tana faɗuwa, ba wanda ya ce mata uffan.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, kada jirgin fasinja ya bar Idu ko Rigasa sai an rubuta a littafi cewa an gwada ƙugiya an gwada birki, mai duba taragu ya sa hannu, direba ya sa hannu, da lokacin da aka yi. Abin da aka rubuta shi ake iya bin sawunsa. Haka kuma kowace ƙugiya ta kasance da tarihinta: ranar da aka sa ta, ranar da aka auna ta, ranar da za a cire ta ko da ba ta karye ba.

Na biyu, a ba ƙaramin ma'aikaci ikon cewa jirgi ba zai tashi ba, kuma a rubuta wannan iko a doka yadda ba mai iya cire masa albashi ko yi masa canjin wurin aiki saboda ya yi amfani da shi. Muddin mai duba taragu yana tsoron shugaban tasha fiye da yadda yake tsoron tsagaggen ƙarfe, to, ana zaune ne a kan sa'a. Ƙungiyar ma'aikatan reluwe ita ya fi cancanta ta riƙe wannan magana, kamar yadda take riƙe maganar albashi. Tare da haka a ba su kayan aiki: fitila mai haske, safar hannu, takalmi, da rediyon oba-oba mai aiki, don kada mai haɗa tarago ya dogara da ɗaga hannu da ihu a cikin duhu.

Na uku, horo. Nijeriya ba ta rasa makarantu ba. Akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya tun 1986, ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura. Babu dalilin da zai sa direba ko gadi ko makaniki ya shekara biyar bai koma aji ba. Injiniyoyin Sin da suka kawo taragun ba za su zauna har abada ba. Ilmin da ba a karɓa daga hannunsu aka koya wa 'yan ƙasa ba, zai bi su gida.

Na huɗu, kayan gyara. Ƙasar nan ta daɗe da halin sayen sabon abu da bikin buɗewa, ba tare da ware kuɗin kula da shi ba. Haka aka yi har tsohon layin Ikko zuwa Kano ya durƙushe. A ware wani kaso na kuɗin tikiti musamman don kayan gyara, kuma a hana cire ƙugiyar wani tarago da ke ajiye a liƙa wa wani ba tare da an auna ta ba.

Na biyar, a riƙa faɗin gaskiya. Duk lokacin da ƙugiya ta saki, ko da a cikin tasha ne, ko da ba wanda ya ƙwarzane, a kai rahoto ga NSIB, wadda dokar 2022 ta ba ta ikon binciken haɗurran jiragen ƙasa, kuma a buga sakamakon kowa ya gani. Ƙananan alamu su ne ke gargaɗi kafin babbar masifa. Fasinja ma a yi musu bayani da lasifika, da Turanci da Hausa, a gaya musu abin da ya faru da abin da ake yi. Rashin bayani shi ke haifar da ji-ta-ji-ta, ita kuwa ita ke sa mutane tsalle ta taga.

Sa'an nan Majalisar Tarayya ta dubi dokar 1955 da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa. Hukuma ɗaya ce ke tuƙa jirgi, ita ce kuma ke duba kanta. Tun da aka gyara tsarin mulki a cikin 2023 aka ba jihohi damar mallakar layin dogo, bukatar mai sa ido mai zaman kansa ta ƙara fitowa fili. Ga shi an aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi tun 2021. Halin da aka saba da shi a Idu shi za a kai Kano da Katsina. Tun ran gini, ran zane.

NASIHA GA MATAFIYA

Fasinja ma yana da nasa. Mazauna Ikko sun sha ganin matasa a jirgin da ke bi ta Agege da Oshodi suna zaune a kan rufi ko suna tsaye a kan ƙugiya tsakanin taragu. Wannan wasa ne da mutuwa, kuma wajibi ne sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kudu su ja wa yaransu kunne. A jirgin Abuja ma, kada mutum ya mai da mahaɗar taragu wurin tsayuwa ko buga waya, kada a bar yara su yi wasa a wurin. Wanda ya ji bugu ko fizga da ba a saba ji ba, ya gaya wa ma'aikaci. Idan jirgi ya tsaya a hanya, a zauna a jira umurni, kada a sauka a bi dogo. Musamman kuma lokacin Salla, sa'ad da tasha kan cika maƙil, idan aka ga ma'aikata sun jinkirta suna duba ƙarƙashin taragu, a yi haƙuri, kada a yi musu ihu. Minti ashirin ɗin nan don fasinja ake kashe su.

Mutanen da suka manyanta ba su manta da Langalanga ba, inda jirgi ya kife a watan Fabrairu 1970, gidaje da yawa a Arewa suka yi zaman makoki. Ba wanda ke fatan sake ganin irin wannan rana. Mutumin da ya shekara yana fama a kasuwar Mile 12 ko Shasha, ya tara ɗan abin da ya tara ya kama hanyar gida, haƙƙinsa ne a kan Hukumar Jiragen Ƙasa ta sauke shi a Rigasa da ƙafafunsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.